Zauren Kimiyya: Masu Kasa Kunne a Dogon Zango

 

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon akwatin rediyo zai tuna da haruffan da ke rubuce a jikinsa. In akwatin na ƙasashen da ke aiki da Faransanci ne, za a ga OC da PO da GO. In kuwa ta Najeriya ko Gana ya shigo, za a ga SW da MW da LW. Na farko shi ne gajeren zango, wanda ta kansa sassan Hausa na BBC da Muryar Jamus da Muryar Amurka da RFI suka shigo gidajenmu. Na biyu shi ne matsakaicin zango. Na uku kuwa, wato GO, shi ne dogon zango, wanda akasarinmu in mun murɗa can ba ma jin komai sai shuuu da ƙarar tsawa, sai mu yi maza mu koma inda muka fito. To, a wannan lungu da muke tsallakewa ne za mu yada zango a yau, domin akwai mutane a duniya da suka mai da shi wurin gwaje-gwajensu, kuma muna ganin akwai rabon yaranmu a cikinsa.

Mene ne dogon zango?

Saƙon rediyo yana tafiya ne igiya-igiya, kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa masa dutse, sai dai saurinsa saurin haske ne, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Ana ƙidaya yawan kaɗawar igiyar a kowace daƙiƙa, kaɗawa dubu ita ake kira kilohaz ɗaya. Wanda ke son sanin tsawon igiya sai ya raba 300,000 da adadin kilohaz, amsar da ya samu ita ce tsawonta a mita. Da wannan lissafi za mu ga igiyar tashar FM kimanin mita 3 ce, ta gajeren zango kuma ita ce mita 31 ko 49 da muka saba ji masu gabatar da shiri suna ambata. Dogon zango ya kama daga kilohaz 30 zuwa 300, wato igiya guda tana da tsawon kilomita 1 zuwa 10. A ƙarƙashinsa akwai wani zangon da ya fi shi tsawo, daga kilohaz 3 zuwa 30, inda igiya ɗaya kan kai kilomita 100.

Halin waɗannan dogayen igiyoyi dabam yake. Igiyar FM miƙewa take yi sak kamar haske, tudu ya tare ta, nisa ya yanke ta. Doguwar igiya kuwa bin doron ƙasa take yi tana lanƙwasa da lanƙwasarsa, ta haye duwatsu da hamada. Daɗin daɗawa, akwai wani rufi na iska mai ɗauke da lantarki a sararin sama, tsakanin kilomita 60 da 90 daga ƙasa, wanda ke mayar da igiyar ƙasa, sai ta riƙa tafiya tsakanin rufin da doron ƙasa kamar ruwa a cikin kwata. Da dare wannan rufi yakan rage shanye ƙarfin igiyar, shi ya sa tashar da ba a ji da rana takan fito bayan faɗuwar rana. Mafi tsawo daga cikinsu har ruwan teku sukan ratsa na ƴan mitoci, dalilin ke nan da ya sa manyan ƙasashe ke aika saƙo da su zuwa jiragensu na ƙarƙashin ruwa.

Yadda aka kori masu sha'awa, da yadda suka dawo

A farkon zamanin rediyo, masana sun ɗauka dogayen igiyoyi ne kaɗai ke iya cin dogon nisa, don haka gwamnatoci suka zuba dukiya a kansu. Misali na kusa da mu yana ƙasar Togo. Tsakanin 1911 da 1914 Jamusawa sun gina wata katafariyar tasha a Kamina, kusa da Atakpame, mai dogayen turaku tara, wadda ke magana kai tsaye da tashar Nauen da ke kusa da Balin, nisan fiye da kilomita 5,000. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, ta wannan tasha aka gargaɗi jiragen ruwan Jamus su nemi mafaka, kuma ita ce babban abin da sojojin Ingila da Faransa suka nufa sa'ad da suka shiga Togo. A daren 24 ga Agusta 1914 Jamusawan suka rushe ta da hannunsu don kada ta faɗa hannun abokan gaba, bayan kwana biyu suka miƙa wuya. Kufanta yana nan har yau.

A wancan lokaci an riga an sami mutane masu haɗa na'urorin rediyo a gidajensu don sha'awa da neman sani, ba don ciniki ba. Faransawa na kiran irin wannan mutum *radioamateur*, mu kuwa bari mu ce da su masu rediyon sha'awa. A 1912 Amurka ta kafa doka ta hana su dogayen igiyoyi, ta tura su zuwa mita 200 da abin da ya gaza haka, bisa zaton cewa wurin ba shi da amfani. Ashe an kai kura kasuwar awaki. A watan Nuwamba 1923 wani Bafaranshe mai suna Léon Deloy, daga birnin Nis, ya yi musayar saƙo da takwarorinsa na Amurka a kan igiya mai tsawon kimanin mita 100, da ƙaramar na'ura irin ta gida. Nan duniya ta farga da darajar gajeren zango, manyan tashoshi suka yi ta ƙaura zuwa can. Ranar 18 ga Afrilu 1925 masu rediyon sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Paris, kuma ita ce ranar da suke biki kowace shekara.

Dogon zango ya ci gaba da zama gidan manyan tashoshin watsa shirye-shirye na Turai da Arewacin Afirka, tsakanin kilohaz 148.5 da 283.5. Amma kuɗin wutar da irin waɗannan tashoshi ke sha ba kaɗan ba ne, masu sauraro kuma sun koma FM da intanet. France Inter ta bar kilohaz 162 a ƙarshen 2016, aka bar wa tashar Allouis aikin aika siginar lokaci. Europe 1 ta rufe 183 a ƙarshen 2019, RMC ta rufe 216 a watan Maris 2020, RTL ta bar 234 a farkon Janairu 2023, gidan rediyon Ailan kuma ya kashe 252 a watan Afrilu 2023. Manya na fita, ƙanana na shigowa.

Ingila ta fara ba masu rediyon sha'awa ɗan wuri a kilohaz 73 a shekarar 1996, sannan a 1998 ta buɗe musu kusa da 136. A 2007 babban taron Hukumar Sadarwa ta Duniya a birnin Janiba ya keɓe musu daga 135.7 zuwa 137.8, abin da suke kira zangon mita 2,200. Taron 2012 ya ƙara musu daga 472 zuwa 479, zangon mita 630, wanda a lissafi ya ɗan leƙa cikin matsakaicin zango amma halinsa na dogo ne. Amurka, wadda ta kore su a 1912, ta buɗe musu zangunan biyu a 2017, bayan shekara 105.

Wat ɗaya da tulin haƙuri

Wurin da aka ba su ƙunci gare shi ainun. Faɗin zangon mita 2,200 kilohaz 2.1 ne kacal, bai ma ishi muryar mutum ɗaya ta wuce a sake ba. Saboda haka ba a hira da baki a can, sai da haruffan Mos, wato rubutun ɗigo da ja irin na wayar tangaraho, ko kuma da saƙon kwamfuta. Ƙarfin da aka yarda ya fita daga eriya bai wuce wat 1 ba, a zangon mita 630 kuma wasu ƙasashe na yarda har wat 5. Kowa ya san ko ƙwan fitilar ɗaki ya fi haka cin wuta.

Babbar matsalar ita ce eriya, wadda wasunmu ke ce wa anten. Eriya mai kyau tana son ta kai rubu'in tsawon igiya, a nan kuwa rubu'in ya kai mita 550. Turken da ƙasar Polan ta gina wa tasharta ta dogon zango mita 646 ne, shi ne gini mafi tsawo a duniya har ranar da ya faɗi a watan Agusta 1991. Mai rediyon sha'awa ba shi da abin da ya wuce ƙarfe ko gora mai mita 10 ko 15 a bayan gida, da ƴan wayoyi da ya miƙa zuwa bishiya. Don cike giɓin, sai ya naɗe waya ɗaruruwan zagaye a jikin babban bokitin roba ya haɗa da gindin eriyar. Duk da haka abin da ke fita iska bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na wutar da ya zuba ba, saura duk ya tafi a zafi cikin ƙasa da waya. Sai ya kunna ɗaruruwan wat kafin ya sami wat ɗayan nan, kuma a kan eriyar akan sami dubban bolt masu iya ƙona wanda ya taɓa.

Da yake ba su da ƙarfi, sai suka nemi mafita ta wajen jinkiri. A maimakon ɗigon Mos ya ɗauki ɗan ƙiftawar ido, sai su ja shi ya kai daƙiƙa 3, ko 30, ko ma fiye da minti ɗaya. Hikimar ita ce, hayaniyar iska ba ta da tsari, yanzu ta hau, an jima ta sauka, in kwamfuta ta daɗe tana tarawa sai hayaniyar ta riƙa kashe kanta da kanta. Saƙon kuwa yana nan a wuri ɗaya yana taruwa, kamar ɗigon ruwa a cikin tulu, har ya bayyana a fuskar kwamfuta kamar siririn zare mai haske, alhali kunne bai ji komai ba. A watan Fabrairu 2001 wani mutumin Ingila da wani na Kanada suka kammala musayar saƙo ta farko tsakanin masu sha'awa a wannan zango ta kan Tekun Atalantika. Kowane ɗigo daƙiƙa 90 ya ɗauka, ƴar gajeriyar gaisuwar kuma sai da ta ci mako biyu. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

A 2008 Farfesa Joe Taylor na Amurka, wanda ya sami kyautar Nobel ta kimiyyar fiziya a 1993 kuma shi ma mai rediyon sha'awa ne, ya fitar da wata manhaja ta kyauta mai suna WSPR. Tana aika lambar tasha da wurinta da ƙarfinta cikin minti biyu, kuma tana iya tsamo saƙon da hayaniya ta fi shi ƙarfi sau ɗaruruwa. Duk wanda na'urarsa ta ji, sai ta kai rahoto ta intanet, a zana layi a taswirar duniya tsakanin mai aikawa da mai ji.

Abin da mai sauraro zai tarar

Ba dole ne mutum ya aika komai ba kafin ya more wannan fage. Da yawa daga ma'abotansa sauraro kawai suke yi.

Da farko akwai ragowar tashoshin watsa shirye-shirye. Daga cikinsu akwai wadda Aljeriya ta kafa a Tifaza a kan 252. Su ya kamata mai koyo ya fara nema da dare, ya rubuta wadda ya samu a kan iska. Akwai kuma tashoshin agogo, kamar DCF77 ta kusa da Farankfot a Jamus, a kan kilohaz 77.5, wadda agogunan bango da na hannu masu yawa a Turai ke daidaita kansu da ita ba tare da an taɓa su ba. Sannan akwai fitilun rediyo na filayen jiragen sama, tsakanin kimanin kilohaz 200 da 500, waɗanda ba su da aiki sai maimaita haruffa biyu ko uku na Mos dare da rana don matuƙi ya gane hanya. Tauraron ɗan Adam ya karɓe aikinsu, ana ta kashe su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa masu farautarsu ke gaggawar rubuta waɗanda suka rage.

A Grimeton ta ƙasar Suwidin akwai tashar da aka kammala a 1924, wadda ba ta aiki da kwalba ko taransista, sai da wani ƙaton inji mai juyawa da ke haifar da igiya a kan kilohaz 17.2. Hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2004. Galibi akan tayar da injin sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli da kuma ranar 24 ga Disamba, a aika ɗan saƙo da Mos, masu sauraro daga ƙasashe da dama su aika rahoton sun ji.

Akwai kuma rediyon da ba ɗan Adam ne ya kunna shi ba. A kowace daƙiƙa ana walƙiya sau 40 zuwa 50 a faɗin duniya, kowace walƙiya kuma tana fitar da doguwar igiya. Ta kusa takan zo kamar ƙarar ƙirare a wuta. Wadda ta yi tafiyar dubban kilomita cikin dare takan zo da ɗan sauti kamar an ƙyasta bakin kwano. Wata kuma takan fita can sararin samaniya ta bi layin maganaɗisun duniya ta dawo da sautin fito mai saukowa. Masani Bajamushe Barkhausen ya bayyana wannan fito a 1919, bayan ya ji shi a wayoyin fagen yaƙi, sai a 1953 wani ɗalibi a Jami'ar Kambirij mai suna Storey ya gano hanyar da yake bi. An fi jin fiton a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya. A wajenmu nau'i biyun farko ne suka yawaita, tun da Kwarin Kwango, ɗaya daga wuraren da suka fi ko'ina walƙiya, maƙwabcinmu ne.

Dukiyar da ke hannunmu

Babban abokin gaban mai sauraron dogon zango shi ne hayaniyar kayan lantarki. Cajar wayar salula mai araha, da ƙwan fitila na zamani, da injin da ke juya wutar sola, da talabijin, kowannensu na fesa ƙara a wannan zango. A biranen Turai abin ya kai mutum yakan ɗauki kayansa ya yi tafiya mai nisa don neman wurin da babu wayar wuta. Mu kuwa ƙauyukanmu da gonakinmu da rugagenmu da yawa suna da irin shirun da suke nema. Amma in aka duba taswirar WSPR za a ga Turai da Arewacin Amurka da Japan da Ostareliya cike da tashoshi, tsakiyar Afirka kuwa kusan fayau. Lambobin kiran ƙasashenmu, 5U ta Nijar, TT ta Cadi, TJ ta Kamaru, 5V ta Togo, XT ta Burkina Faso, suna cikin waɗanda masu rediyon sha'awa ke ɗokin ji saboda ƙarancinsu. Kunne ɗaya mai naci a Damagaram ko Garwa ko Abeshe zai iya ba da labarin yadda igiya ke ratsa Sahara, abin da mai sauraro a Paris ba shi da halin aunawa. Wannan shiru kuma ba mai dawwama ba ne. Wutar sola alheri ce ga gidajenmu, amma kowane sabon inji da aka kafa yana rage shi.

Farawa ba ya bukatar dukiya. Tsohon akwati mai GO da pil sababbi sun isa. A fita da shi nesa da wayoyin gida bayan isha'i, a riƙa juya shi a hankali, domin eriyarsa wani ɗan sanda ne a ciki mai jin gefe ɗaya fiye da wani, kuma inda tasha ta ɓace ɗif, tsinin sandan yana nuna layin da take. Wanda ke da kwamfutar hannu zai iya haɗa katako murabba'i mai faɗin mita ɗaya, ya naɗa masa siririyar waya zagaye masu yawa, ya sa bakinta a ramin makirufo. Kwamfuta mai ɗaukar sauti sau 48,000 a daƙiƙa tana ganin igiyoyi har kilohaz 24, da manhajar kyauta mai zana sauti. Irin wannan eriya ba ta bukatar a haɗa ta da ƙasa, abin da ke da amfani a wurinmu, don busasshen rairayi ba ya ɗaukar lantarki sosai. Wanda ya lura da ƙarfin tasha guda kullum zai ga yadda yake sauyawa da fitowar rana da faɗuwarta, wani lokaci ma ya ga ya yi tsalle da tsakar rana sa'ad da wata fashewa ta auku a jikin rana. Mai intanet a wayarsa kuma zai iya sauraron na'urar da Jami'ar Twente ta Holan ta buɗe wa kowa tun 2008, ya san kamannin abin da yake nema. Lokaci mafi kyau a wurinmu shi ne daren hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hadari ya yi nisa.

Hattara

Na ɗaya, aika saƙo ta iska sai da lasisi daga hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, kuma kowace ƙasa da zangunan da ta amince da su, don haka a tambaya kafin a sayi ko a haɗa na'urar aikawa. Na biyu, muna cikin zamanin da tsaro ya taɓarɓare a yankinmu, baƙuwar waya a kan soro na iya jawo zargi. A sanar da mai unguwa ko maigari da jami'an da abin ya shafa tun kafin a kafa, kuma kada a kusanci bariki ko filin jirgin sama da kayan sauraro. Na uku, ƙa'idar sadarwa ta duniya ta hana yaɗa saƙon da ba don jama'a aka aiko shi ba, ko da mutum ya tsince shi bisa tsautsayi. Na huɗu, kada a miƙa waya a sama ko a ƙarƙashin wayar wutar gari. Da an ga hadari a cire eriyar waje daga na'ura a kai bakinta ƙasa, haka ma in iska mai ƙura ta taso, domin ƙura kan tara lantarki a doguwar waya har ta ba da tartsatsi. Na biyar, ɗan makaranta ya bar kwamfuta ta yi tsaron dare, shi ya kwanta, da safe ya duba abin da ta kamo.

Ga iyaye kuma muna da roƙo. Kusan kowane gida akwai yaro ko yarinya mai son kwance fitila da rediyo don ganin abin da ke ciki, kuma sau da yawa ladansa faɗa ne. A nema masa mataccen akwati daga wajen mai gyara, a saya masa littafin rubutu guda, a ce ya riƙa rubuta kwanan wata da lokaci da lambar zango da abin da ya ji. Yaron da ya yi haka wata uku ya koyi rabawa da aunawa, ya san inda Aljeriya da Suwidin suke a taswira, ya kuma saba da zama a kan abu ɗaya har ya ga ƙarshensa. Wanda ya sami wata tasha, ya rubuto mana sunan garinsu da lokacin da ya ji ta, za mu buga a wannan shafi don sauran masu karatu su gwada.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu kawo jadawalin haruffan Mos da hanyar haddace su cikin sauƙi. Kafin nan, a gaida mutanen gida. Mu kwana nan.